Kafin Ka Sayi Diril Mai Batir, Ka San Bangon da Za Ka Huda

Sana'ata wayarin ce da haɗa sola, kuma a aikinmu da wuya rana ta faɗi ba a huda bango ba. Yawancin gine-ginen da ake kiranmu ko waya ba a ja musu ba, balle a samu inda za a jona inji, shi ya sa diril mai batir ya zama dole. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa masu tasowa a sana'a ke tara kuɗi wata da watanni, su shiga kasuwa, su fito da injin da ba zai yi musu aikin da suka saye shi dominsa ba. Mai shago ya ce musu "wannan yana da hama", su kuma ba su san hama iri biyu ce ba.

Na farko shi ne diril ɗin da aka saba gani, mai kai da ake ɗaurewa da hannu, wanda ke ɗaura sukuru, ya huda katako da ƙarfe, sannan aka ƙara masa alamar guduma. A cikinsa wasu fayafayai biyu ne masu haƙora ke gugar juna, su ba da bugu dubu ashirin da wani abu a minti ɗaya. Bugun yana da yawa, amma ba shi da nauyi. A bulo na inci 6 ko inci 9 yana aiki lafiya, ka huda ramin milimita 6 ko 8, ka sa fisha, ka wuce. Amma ka kai shi jikin dekin, ko fila, ko lintal, inda aka zuba siminti da tsakuwa da rodi, za ka ji ƙara kamar ana aiki, bakin ya yi zafi ya dakushe, batir ya ƙare, rami bai kai rabin ɗan yatsa ba.

Na biyu shi ne wanda ake kira SDS. Kamfanin Bosch ne ya fito da wannan tsari a 1975. A nan fistin ne ke tura iska ta harba wani ƙarfe ya daki gindin bakin, shi kuma bakin ba a matse yake ba, yana zamewa gaba da baya cikin ƙwarminsa. Dukan gaske ke nan, ana auna shi da jul. Ga irin aikinmu, wato kafa inbata, rataya injin esi, ɗaura dish ko ƙarafen sola a kan dekin, SDS-Plus mai jul 2 zuwa 2.5 ya wadatar, zai huda milimita 6 har zuwa 16 ba tare da wahala ba. Babban wansa, SDS-Max, na masu fasa kankare ne da manyan ramuka; nauyinsa da kuɗinsa sun wuce buƙatar mai wayarin. Idan za ka saya, nemi mai juyi uku: hudawa zalla, hudawa da duka, da duka zalla. Wannan na ukun da shi ake sassaƙa hanyar fayif a bango, kuma duk wanda ya taɓa yin wannan aikin da guduma da kurfi ya san darajarsa.

To, sai maganar lambobin da ke jikin kwali, inda aka fi cutar mutane. Batir mai 18V da mai 20V abu ɗaya ne. Ƙwayoyi biyar ne a jere, kowacce 3.6V, in an cika caji ta kai 4V. DeWalt ma abin da yake sayarwa da sunan 20V a Amurka shi ne 18V a Turai. Saboda haka in ka ga ɗan ƙaramin diril an rubuta masa 48V ko 88V, ka san fenti ne kawai. Lambar da ta dame ka ita ce Ah, domin ita ke nuna yawan wutar da batirin ya ɗauka. Mai 2Ah na ɗaura sukuru ne. Aikin kankare yana son 4Ah ko 5Ah, kuma guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Ka ɗaga batirin ka ji nauyinsa. Mai 5Ah na gaskiya yawanci ƙwayoyi goma ne a ciki, ba zai yi sakayau a hannu ba. Moto marar kabon ya fi tsada, amma ya fi tattalin batir, kuma ya hutar da kai canjin kabon.

Ka kuma tuna batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Ingco ba ya shiga DeWalt. Ranar da ka sayi diril, ka zaɓi gidan da za ka ci gaba da sayen giranda da sauran kaya, don haka ka duba wanda ake samun batirinsa da mai gyaransa a garinku. Masu sayen na hannu daga Amurka, ku karanta bayan caja: yawancinsu na 120V ne, wutarmu kuwa 230V ce, jonawa ɗaya ya ƙone. Zafinmu ma abokin gabar batir ne. Kada a bar shi cikin mota a rana, kada a sa shi caji yana fitowa daga aiki da zafinsa.

Inji mai kyau ma yana son hannu mai sani. SDS ba a danne shi da ƙarfi, riƙe shi ake yi daidai ya yi aikinsa. A bulo mai rami wanda siminti bai ishe shi ba, dukan yana farfasa bayan bulon, fisha ta rasa abin kamawa, gara a kashe hamar. Haka ma a kan tayil. Mariƙin gefe kuwa kada a cire shi: ranar da baki ya ci karo da rodi ya maƙale, injin ne zai juya da wuyan hannunka, kuma in a kan tsani kake, abin ba daɗin faɗa. Shi ya sa nake cewa a tambaya ko injin yana da kulocin da ke saki in baki ya kama.

Ƙurar kankare kuma ba ƙurar hanya ba ce. Tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa. Takunkumin yadi ba ya tare ta, sai irin N95 ko FFP3, tare da tabarau, musamman in ana huda sama.

Iyayen gida masu yara a shago, ku zaunar da su ku nuna musu bambancin nan kafin su kai guminsu kasuwa. Kai kuma mai saye, in aikinka ya tsaya a bulo da katako, diril irin na farko ya ishe ka. In kana taɓa dekin da fila ko da sau ɗaya a mako ne, ka ƙara haƙuri ka cika kuɗin SDS-Plus.