Safar Hannu Don Aikin Gona Da Na Gayya

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, musamman na ƙasashen da ke arewa da birnin Kano, watau irin su Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura. Da ya ke ƙasa ba ta hutawa a nan, hannun manomi ma ba ya hutawa. Da rani ga kai taki da gyaran shinge da aikin lambu a bakin madatsun ruwa na Watari da Tomas, da damina ga shuka da noma da feshi, da kaka ga girbi. In ƙaya ta soki magidanci a tafin hannu ranar da ruwan shuka ya sauka, wurin ya kumbura ya tara mugunya, to, kwanakin da zai yi yana jinya su ne kwanakin da abincin gidansa na shekara ya rataya a kansu.

Sau da yawa a kan kawo safar hannu ofishin hakimi tare da kayan aikin gayya ko na dashen itatuwa, ko kuwa ƙungiyar manoma ta tara kuɗi ta zo neman shawara kafin ta saya. Abin da ya kamata a fara sani shi ne babu safa guda da ta dace da ko wane aiki. Wadda ta fi ƙarko a gaban ƙaya ita ce mafi haɗari wajen feshin magani. Akwai kuma aikin da ba ya bukatarta ko kaɗan. Wanda ya tashi da fartanya tun yana yaro, hannunsa ya yi kanta, ba ya bukatar safa don noman gero, zafi kawai za ta ƙara masa. Kada a ɓata kuɗin jama'a a nan.

Inda safar fata ta ke da amfani shi ne wajen saran ƙaya, kamar ta magarya da aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, da jan ta zuwa shinge ko burtali, da ɗaukar dutse da waya. Haka kuma wajen watsa takin birni. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke kwaso shara da toka daga birni a mangala a kan jakuna, da ita ce gonakinsu su ke rayuwa. Amma sharar yau ba irin ta dā ba ce. Cikinta akwai fasasshiyar kwalba da ƙusa da reza, wani lokaci har da allura, kuma raunin da ya haɗu da ƙasa da kashin dabba ƙofa ce ta cutar sarƙe haƙora. Wanda irin wannan abu ya yanka, ko da safa ko babu, ya wanke wurin da sabulu ya tafi asibiti.

Fata kuwa suna ta tara. Ta saniya ita ce mai kauri, tana jure gurza, sai dai tana da tauri, yatsu ba su lanƙwasuwa sosai a ciki. Ta tunkiya taushi gare ta, ba ƙarko, ba a jima sai ta yage. Ta akuya ita ce tsakatsaki, ga laushi ga ƙarfi, kuma mu ne masu ita: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce aka riƙa haye Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Saboda haka ba tilas ba ne sai wadda aka shigo da ita daga waje. Baduku mai hannu zai iya ɗinka ta in an ba shi samfuri, a ce masa ya ruɓanya fata a tafi da gindin babban yatsa, gama nan ne safa ta kan fara mutuwa. A lura dai, jimar bagaruwa ta gargajiya ta kan ƙandare in ta jiƙe ta bushe, jimar masana'anta ta fi jure ruwa. Ko wacce ce, in ta jiƙe a shanya ta a inuwa, kada a kai ta rana ko bakin wuta, sa'an nan a ɗan shafa mata mai.

Mai saye ya sa hannunsa ciki, ya dunƙule, ya buɗe, ya kama ƙotar gatari ya ji. Wadda ta yi yawa tana zamewa ta jawo kumburi, wadda ta matse kuwa ɗinkinta ke fara fashewa. Ya juya ta ya duba ɗinkin tsakanin yatsu, ya ja da ƙarfi. In zare ya nuna haƙora, a bar ta ko nawa ne kuɗinta, araha ba ta ado.

To, sai batun magani, wanda shi ne ya fi ko wanne muhimmanci. Dattawa za su tuna da Aldrex T da a ke cuɗa iri da shi, da Gamalin. An hana gubar da ke cikin na farko bisa yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta 2001, ta biyun kuma aka sa ta cikin jerin a 2009. Amma waɗanda suka maye gurbinsu, na kashe ƙwarin wake da tumatir, da na kashe ciyawa, da fiya-fiya, su ma guba ne, kuma da yawansu ta fatar jiki su ke shiga ba sai an sha ba. Mafi haɗarin lokaci shi ne sa'ad da a ke awo da haɗi, domin a nan maganin tsantsa ne bai gauraya da ruwa ba. Safar fata da ta ƙyalle suna tsotse magani su riƙe shi, wanki ba ya fitar da shi duka, sai mutum ya wuni hannunsa cikin guba da gumi yana zaton ya tsira. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da yawan miyau da amai da ƙanƙancewar baƙin ido. Wanda aka ga haka gare shi a tuɓe masa tufafin aikin, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin don likita ya gani. Madara da manja ba su karya wannan guba.

Safar feshi lalle ta zama ta roba mai kauri, irin wadda a ke kira naitiral, marar shafin ƙyalle a ciki, doguwa wadda ta kusa gwiwar hannu. Siririyar nan ta asibiti ba ta wannan aiki ba ce, kara ɗaya ke huda ta. Kafin a sa a cika ta da ruwa a matsa, in ta ɗiga a yar. In feshin ƙasa ne, hannun riga ya rufe bakin safa don kada magani ya gangara ciki. In an gama, a wanke ta da sabulu tun tana hannu kāna a tuɓe, kuma ba a bakin rijiya ko tafki ba. Gaskiya ne roba na da zafi ƙwarai da bazara, shi ya sa masu feshi ke cire ta. Maganin wannan a yi feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Irin wannan safa ita ce kuma ta dace da kwaɓa siminti wajen ginin rijiya da kwalbati, domin ɗanyen siminti yana cin fatar mutum sannu a hankali ba tare da ya ji ba, da kuma yankan aguwa, wadda nononta ke da illa ga ido.

Malamin hakimi zai iya karanta shaidar da ke jikin safar da aka shigo da ita. In ya ga hoton guduma da rubutun EN 388, lambobi huɗu na farko da ke biye suna nuna jurewar gurza da yanka da yagewa da huda, bi da bi, kuma babbar lamba ta fi ƙarama. Hoton kwalbar awo da EN 374 shi ne na magani. Sai dai ƙarfen da a ke gwajin huda da shi ya fi tsinin ƙaya kauri, don haka lamba 4 ba alkawari ba ne a gaban aduwa. Akwai kuma jabu a kasuwa, hatimi ba ya hana a gwada da hannu.

A gargaɗi dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a cewa ba a sa safa kusa da bel ɗin injin niƙa ko na sussuka, gama in ya kama bakinta da hannun zai tafi. Ba ta kuma hana saran kububuwa. Tarin kara da na harawa da sanda a ke fara motsa su. Kunama na son duhun cikin safa, a kakkaɓe kafin a sa.

Game da ajiya, malami ya buɗe shafi dabam a littafin kaya, ya rubuta ranar karɓa, da irin safar, da sunan wanda aka ba, da aikin da za a yi da ita. Na feshi a sa musu jar alama, a rataye su nesa da rumbu da ɗakin girki da inda yara ke kaiwa, kada kuma a ba da aronsu don wani aiki. Wadda ta huje ko ta fara danƙo a yayyanka ta kafin a zubar, don kada wani ya tsinta ya kai gida, sa'an nan a soke lambarta a littafi a gaban malamin gona.