Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Jan Ƙaramin Kwale-kwale a Bayan Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska?

Tambaya: Ni Bahaushe ne mazaunin Fot Sudan, ban daɗe da fara aiki a wani jirgin ruwa mai tafiya da iska ba. Muna da ƙaramin kwale-kwalen roba da muke fita gaɓa da shi, in za mu tashi sai mu ɗaure shi a baya. Kwanan baya igiyarsa ta naɗe a farfela, inji ya mutu muna dab da shiga tasha. Don Allah wace irin igiya ce ta dace, kuma yaya ake ɗaurin?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ina kyautata zaton igiyar da kuka yi aiki da ita ta nailan ce, domin nailan ya fi ruwa nauyi. Muddin jirgi na tafiya, igiyar tana miƙe, ba ka ganin illarta. Da zarar an rage gudu ko an sa giyar baya, sai ta yi sako-sako, ta nutse ƙarƙashin jirgi, farfela kuwa ta janyo ta. Saboda haka ka nemi igiya mai tasowa saman ruwa, wadda ake yi da robar folifurofilin, irin mai launin shuɗi ko ruwan ɗorawa da masunta ke ɗaure taru da ita. Kaurin milimita 10 zuwa 12 ya ishi ƙaramin kwale-kwale. Gwajin ba wuya: yanki guntu ka jefa cikin bokitin ruwa, in ya nutse kada ka saya.

Ita ma tana da nata aibin. Rana na cin ta da sauri, balle ranar Bahar Maliya. Ka riƙa murza ta da yatsu lokaci-lokaci. In ka ga launinta ya koɗe, tana zubar da gari ko tana tsira kamar ƙaya, ta gama aiki ke nan. Kuma tana da santsi, ƙulli na iya warwarewa, don haka ka bar wa kowane ƙulli doguwar jela, ka kuma ƙara masa wani ƙullin tsaro.

Wajen ɗauri, kada ka jingina nauyin duka a kan zoben nan guda na goshin kwale-kwalen roba, domin da gam aka manna shi, fizga ɗaya mai ƙarfi na iya ɓamɓare shi. Ka duba gefen dama da hagu, ƙasa-ƙasa kusa da goshi, za ka ga zobba biyu na ƙarfe. Ɗauki gajeriyar igiya ka ɗaura bakinta ɗaya a kowane zobe, sannan ka haɗa doguwar igiyar ja a tsakiyarta. Da haka nauyi ya rabu biyu, goshin ya ɗago sama, kwale-kwalen ya daina yawo dama da hagu. Zoben tsakiyar sai ka ba shi igiya ta biyu, wadda ta ɗan fi ta farko sako-sako, ko da waccan za ta tsinke. A wajen jirgi kuma, ka naɗe igiyar a ƙarfen ɗaurin da ke baya yadda za ka iya kwance ta da hannu ɗaya ko tana ɗauke da nauyi. Inda take gogar bakin jirgi, zura mata guntun tiyo.

Tsawon igiya shi ne inda mutane suka fi yin sakaci, suna ɗaurewa sau ɗaya su manta. Ruwa ne ke faɗa maka tsawon da ya dace. A buɗaɗɗen teku, ka yi ta sakin igiya har sai ka ga jirgi da kwale-kwale suna hawa raƙumin ruwa tare, suna sauka tare. In wannan na hawa wancan na gangarowa, igiyar za ta riƙa saki tana fizga, kuma fizgar ce ke tsinka ta. Ka lura da wannan sosai idan kun nufi kudu zuwa Sawakin. Iskar yankinku yawanci daga arewa take busowa, ke nan raƙuman ruwa na bin ku ta baya. Sai su ɗauko kwale-kwalen su sheƙo da shi ya daki bayan jirgi, kamar ragon da ya ja da baya ya kawo tunkuyi. Maganinsa a ƙara tsawon igiya sosai, a kuma sakar wa kwale-kwalen wata igiya ta riƙa jan ruwa a bayansa don ta rage masa gudu.

Amma in kun doshi tasha, ko za ku jefa anga tsakanin duwatsun murjani irin na Sanganeb, janyo kwale-kwalen kusa har ya kusa taɓa jirgi kafin a sa giya. Ko igiya mai tasowa, farfela na iya tsotso ta idan ana ja da baya. Ya kamata a ware mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan a wannan lokaci.

Kafin ku tashi, cire injin kwale-kwalen, da tankin mai, da filafilai, a hau da su jirgi. Kwashe ruwan da ya taru a ciki, domin kowace lita kilo guda ce, kuma kwale-kwalen da ya cika ya fi ƙarfin igiyarsa. Kada a bar kowa ya zauna a ciki ana ja, kada kuma ka naɗe igiyar a hannu ko ka tsaya a saitinta in ta miƙe. Ajiye wuƙa mai kaifi kusa.

In tafiyar mai nisa ce, ko ta dare, ko kun ga iska na ƙara ƙarfi, shawarata ita ce a bar batun ja gaba ɗaya. Ku ɗora kwale-kwalen a kan jirgi ku ɗaure shi tam tun kuna cikin tasha, domin a tsakiyar teku ɗaga shi sai ya gagare ku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.