Nazari a kan Zubi da Tarihin Aikin Jiragen Ruwa na Rukunin Oasis

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rukunin jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ake kira Oasis, mallakar kamfanin Royal Caribbean. An bi diddigin yadda aka zuba su da yadda suka yi aiki daga 2009 zuwa 2024. An gano cewa girmansu ya rage kuɗin ɗaukar kowane fasinja, amma ya ɗora wa tasoshin jiragen ruwa da masu tsara dokokin ceto nauyin da ba su saba da shi ba.

1.0 Gabatarwa

A fagen ƙera jiragen ruwa, "rukuni" yana nufin jerin jirage da aka yi a kan zane ɗaya, ko da an sami 'yan sauye-sauye a tsakaninsu. An ba da kwangilar jirgin farko na wannan rukuni a shekarar 2006, aka ƙera shi a birnin Turku na ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja a watan Disamba na 2009 da sunan Oasis of the Seas. Girmansa a lokacin tan 225,282 ne, a ma'aunin da ke auna sararin cikin jirgi, wanda ya sha bamban da ma'aunin nauyi. Tsawonsa ya kai kimanin mita 360.

2.0 Zubin Jiragen

Abin da ya bambanta wannan rukuni shi ne tsaga ginin sama gida biyu. An jera ɗakunan kwana dama da hagu, aka bar fili a tsakiya babu rufi. A nan aka dasa lambu mai tsirrai fiye da 12,000, sannan aka yi dandalin wasannin ruwa a ƙarshen jirgin. Hikimar wannan tsari ta kasuwanci ce: ɗakin da a da yake cikin duhu, ba taga, ya sami baranda mai kallon lambu, kuɗinsa ya tashi.

Injuna shida masu shan dizal ne ke samar da lantarki a jirgin farko. Lantarkin ne ke juya farfela uku da ke maƙale a ƙarƙashin jirgin, kowace tana iya juyawa ta fuskanci duk inda ake so. Saboda haka farfelar ce ke tura jirgin, ita ce kuma ke karkata shi.

Batun ceto ya fi ɗaukar hankali. Dokar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku ta ƙayyade mutum 150 ga kwale-kwalen ceto ɗaya. Jirgin da ke ɗaukar fasinja sama da 6,000 da ma'aikata sama da 2,000 ba shi da gefen da zai rataye kwale-kwale masu yawan haka. Don haka aka nemi amincewa ta musamman, aka ƙera guda 18, kowanne na ɗaukar mutum 370.

3.0 Tarihin Aiki

Tun a tafiyar farko girman ya zama abin lissafi. Kafin jirgin ya fita daga tekun Baltik, sai da ya bi ta ƙarƙashin wata gada a ƙasar Denmak mai tsayin mita 65 daga ruwa, alhali tsayinsa ya kai mita 72. An janye bututan hayaƙinsa ƙasa, aka kuma ƙara masa gudu, domin jirgi yakan ɗan ƙara nutsewa idan yana gudu a ruwa marar zurfi. Ya wuce da ratar da ba ta kai mita ɗaya ba.

Allure of the Seas ya biyo baya a 2010 daga Turku. Daga nan aikin ya koma Saint-Nazaire a Faransa, inda aka ƙera Harmony a 2016, da Symphony a 2018, da Wonder a 2022, da Utopia a 2024, wanda ke aiki da iskar gas da aka mayar ruwa. Rukunin ya riƙe kambun jirgin fasinja mafi girma a duniya har zuwa lokacin da Icon of the Seas, na kamfanin ɗaya, ya fara aiki a farkon 2024.

Ba a rasa hatsari ba. A watan Satumba na 2016, a tashar Marseille, kwale-kwalen ceto na Harmony ya suɓuce yayin atisaye, ma'aikaci ɗaya ya rasu, huɗu suka jikkata. A Afrilu na 2019 wani ƙugiyar ɗaga kaya ya faɗo wa Oasis a wurin gyara a Bahamas. A watan Maris na 2020 kuma annobar korona ta dakatar da jiragen baki ɗaya.

4.0 Sakamakon Nazari

Hausawa kan ce girman kai rawanin tsiya, amma a nan girman jiki ne ya zo da sharuɗɗa. Tasoshi kaɗan ne suka iya karɓar waɗannan jirage. An faɗaɗa wurin saukar fasinja a Port Everglades da ke Filorida dominsu, aka kuma gina sabuwar tasha a Falmouth ta ƙasar Jamaika, wadda aka buɗe a 2011. Wato ƙasa ce ta gyara kanta don ta dace da jirgi. Bugu da ƙari, yawan wuraren cin abinci da na nishaɗi a ciki ya sa kuɗin fasinja ke ƙarewa a kan jirgin, garuruwan da ake yada zango kuwa su sha cunkoson dubban baƙi na 'yan sa'o'i.

5.0 Kammalawa

Rukunin Oasis ya tabbatar da cewa ana iya ɗaukar jama'ar gari guda a kan ruwa a kuma ci riba. Sai dai tsarin kwashe mutum fiye da 8,000 cikin gaggawa a tsakiyar teku atisaye da lissafi kawai suka gwada shi. A kan wannan batu ne ya kamata nazari na gaba ya mayar da hankali.