Ki Rubuta Tallarki Kafin Wata Ya Kama

'Yata, akwai abin da nake so ki gyara a sana'arki ta atamfa da leshi tun kasuwar tana ƙarama. Ranar da kika saro kaya a Kantin Kwari sai ki jera hotuna rututu a sitatus ɗinki na WhatsApp, daga nan a yi mako biyu ba a ji ɗuriyarki ba. Mai kallo takan gaji tun ba ta kai rabi ba. Sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, wadda ba ta da data a ranar ba ta ma san kin yi sari ba. Shirun da ke biyo baya ya fi cutarwa, domin mai saye in ta daina ganinki sai ta koma wajen wadda take gani kullum.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ki samu littafi, ki ja layi, ki jera kwanakin wata mai kamawa, gaban kowace rana ki rubuta abin da za ki nuna da inda za ki nuna shi, ko WhatsApp ko Facebook ko Instagram. Kalandar talla ke nan. Hoto uku masu kyau a rana sun wadatar, in dai gobe ma za a sake ganinki.

Inda nake so ki fi natsuwa shi ne lissafin lokaci. Atamfa ba a saye a saka, sai ta bi ta hannun tela, kuma kin san yadda teloli ke rufe karɓar ɗinkin Sallah tun azumi bai yi nisa ba. Saboda haka tallar kayan Sallah a Sha'aban take farawa. In kika bari sai goman ƙarshe na azumi, wadda ta so kayanki ma ba ta da mai ɗinka mata. Waɗannan kwanakin na mayafi ne da takalmi da jaka da turare, abin da za a saya yau a saka gobe. Babbar Sallah tana zuwa ranar 10 ga Zulhijja, kimanin kwana 70 bayan ƙarama, amma a lokacin hankalin magidanta yana kan rago, sai ki gabatar da masu sauƙin kuɗi da na yara. Ki tuna kuma shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kusan kwana 11, don haka ranar da kika fara tallar bara ba za ta yi miki aiki bana ba. Ki rubuta kwanan wata biyun gefe da gefe. Na boko shi zai tuna miki ƙarshen wata, lokacin da albashi ke shigowa, da watan Satumba da kuɗin makaranta ke ƙarar da aljihun iyaye. Bukukuwan auren da ake yi gab da azumi su ma ki sa su a ciki, domin masu haɗa lefe da masu fitar da anko tun da sauran makonni suke neman kaya.

Kada kowace rana ta zama ta farashi. Wata rana ki ɗauki bidiyo kina wanke ƙyallen atamfa a ga ba ta zuba. Wata rana ki amsa tambayar da aka fi yi miki, kamar yadi nawa ke isa doguwar riga, ko yadda kike aika kaya wani gari ta tasha. In wata ta ɗinka kayanki ya yi kyau, ki nemi izininta kafin ki nuna, in ta ce a'a ki bari, amana ce. Lokacin saka tallar ma ki rubuta shi. A azumi, da la'asar mata suna kicin, bayan asham ne suke samun sukunin duba waya.

Ki ware rana guda a mako ki ɗauki hotunan duka da hasken safiya, ba tare da kin canza launin kaya ba, don kada a karɓi abin da ya saɓa da hoto. Akwai manhajar Meta Business Suite, kyauta ce, tana ba ki damar tsara abin da zai fita a Facebook da Instagram ya fita da kansa a lokacin da kika sa. Sai dai manhaja ba ta san kayan sun ƙare ba, ba ta kuma san an yi rasuwa a unguwa ko wata musiba ta auka wa gari ba. Kowace safiya ki duba abin da zai fita. Ranar da mutane ke jimami ki dakatar da talla, ko me aka rubuta a littafin.

A gefen kowace rana ki bar fili ki rubuta mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya. Bayan wata biyu ko uku za ki gane da kanki kayan da ke tafiya da ranakun da ake saye, sarinki na gaba ma da wannan za ki yi shi. Ki zauna yau da daddare ki cike makon farko, in kin gama ki kawo mini mu duba tare. Allah Ya sa albarka a nemanki.