NAZARIN TATTALIN ARZIKI: Batirin Motar Lantarki Da Lissafin Da Ke Gaban Ɗan Kasuwa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin masu harkar sufuri a ƙasar nan ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu motocin haya da masu a-daidaita-sahu da dillalan babura suka fara karkata hankalinsu ga ababen hawa masu aiki da lantarki, musamman bayan da Gwamnatin Tarayya ta cire musu harajin VAT a 2024. Tambayar da aka fi yi wa dillali ita ce nawa ne kuɗin motar, kuma kilomita nawa take ci kafin cajinta ya ƙare. Wadda ba a cika yi ba, wadda kuma ita ce darasinmu na wannan fitowa, ita ce: wane irin batir ne a cikinta, wa ya ƙera shi, kuma wa zai ɗauki asara ranar da ya kama da wuta?

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kyautu mai karatu ya san girman kasuwar. Bisa ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya, an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a 2023, sama da miliyan 17 kuma a 2024, watau fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar sababbi da aka sayar a duniya. Mafi yawansu a ƙasar Sin aka saye su. A nan nahiyarmu, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da gas a 2024. Ke nan ko ɗan kasuwa yana so ko ba ya so, wannan haja tana tafe, kuma za ta iske shi a rumfarsa.

A motar fetur, batir ƙaramin abu ne da ake sauyawa a bakin titi. A motar lantarki kuwa shi ne uwar kuɗi, don yakan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin motar. Ana auna girmansa da kilowat-awa, wanda shi ne dai yunit ɗin da mitar wutar lantarki ke ƙirgawa a gidajenmu. Kamfanin bincike na BloombergNEF ya nuna cewa matsakaicin farashin kilowat-awa ɗaya na batir, wanda ya fi dala 1,000 a 2010, ya sauko zuwa dala 139 a 2023, sannan dala 115 a 2024. Idan muka ɗauki misalin mota mai batir na kilowat-awa 60, bisa farashin 2024 batirin kaɗai ya tasam ma dala 6,900 tun a masana'anta, ban da kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dillali. Wanda ya sayi irin wannan mota, a zahiri batir ya saya aka ɗora masa kujeru da tayoyi.

To, yaya wannan batir yake, kuma me ke sa shi ƙonewa?

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba dunƙule ɗaya ba ne. A cikin mota tarin ƙwayoyi ne, ɗaruruwa ko dubbai, an jera su cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin motar, nauyinsa kan kai kilo 300 zuwa 600. Kowace ƙwaya tana da ɓangare biyu da wutar ke kai da komo a tsakaninsu ta cikin wani ruwan sinadari, sai kuma wani tantani da bai kai kaurin silin gashi ba, wanda aikinsa shi ne ya hana ɓangarorin biyu haɗuwa. Ruwan nan yana saurin kamawa da wuta. Idan tantanin ya huje, ko saboda haɗarin mota, ko kuskuren masana'anta, ko caji fiye da ƙima, ko tsananin zafi, sai ɓangarorin su haɗu, ƙwayar ta ɗau zafi. Zafin ya narkar da sauran tantanin, narkewar ta ƙara zafi, zafin ya tsallaka ƙwaya ta kusa, ita ma ta tsallakar da shi gaba. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira kuɓucewar zafi. Abin da ya sa ya fi gobarar fetur wuyar sha'ani shi ne, a wasu nau'o'in batir sinadarin da ke ciki yakan saki iskar oksijin da kansa idan ya yi zafi, don haka toshe wa wutar iska ba ya kashe ta. Ƙaramar tukunyar kashe gobara da direbobi ke ajiyewa don gudun tarar jami'an kiyaye haɗurra ba ta da wani tasiri a nan. Ruwa ake bukata, mai yawan gaske, domin a sanyaya akwatin. Littafin da kamfanin Tesla ya tanadar wa 'yan kwana-kwana ya ambaci kimanin lita 11,000. Bayan an kashe kuma wutar tana iya sake tashi bayan sa'o'i ko kwanaki, ga hayaƙinta mai guba.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Motar lantarki ba ta fi ta fetur yawan kamawa da wuta ba. Hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin ta gano cewa a 2022 an sami gobara kusan 4 cikin kowace mota 100,000 masu amfani da lantarki, alhali idan aka haɗa dukkan nau'o'in motoci adadin ya kai 68. Wajibi ne a karanta wannan ƙididdiga da hattara, domin motocin lantarkin can sababbi ne, ƙasar kuma mai sanyi ce mai tsauraran dokoki. Amma duk da haka ma'anar a fili take: gobarar ba ta da yawa, sai dai idan ta zo takan zo da asara babba. Masu harkar inshora sun san cewa irin wannan haɗari, mai wuyar aukuwa mai tsadar biya, shi ne mafi wuyar sa wa farashi.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar na motar Chevrolet Bolt ta kamfanin General Motors na Amurka. Bayan da wasu 'yan ƙalilan daga cikin motocin suka ƙone, kamfanin ya fara janye su daga hannun masu su a watan Nuwamba na 2020, a watan Agusta na 2021 kuma ya faɗaɗa janyewar ta shafi dukkan waɗanda ya taɓa ƙerawa, sama da 140,000. Bincike ya nuna cewa kurakurai biyu ne na masana'anta suka haɗu a ƙwaya ɗaya: yagewar wani ɗan ƙarfen haɗi da naɗewar tantani. An shawarci masu motocin su riƙa ajiye su a waje, kada kuma su bar su a kan caji cikin gareji su kwanta barci. Kuɗin gyaran ya kai kimanin dala miliyan 2,000, watau kusan dala 14,000 a kan kowace mota. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne wanda ya biya. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu, wanda ya ƙera ƙwayoyin batirin, ya amince ya ɗauki nauyin har dala miliyan 1,900. Hakan ya yiwu ne domin an san wanda ya ƙera kowace ƙwaya, akwai yarjejeniya a rubuce, akwai kuma kotun da za a je in an saɓa. Mai karatu ya tambayi kansa: dillalin da ya shigo da kwantena guda ta kekunan lantarki ta tashar Apapa, ba tare da sanin sunan masana'antar batirin ba, wa zai kama idan irin wannan ta auku?

A ra'ayin wannan marubuci, a nan ne haɗarin ƙasarmu yake, ba a manyan motoci ba. Manyan kamfanoni suna sa wa batir na'ura mai sa ido a kan zafin ƙwayoyi da ƙarfin wutarsu, wadda ke yanke caji da zarar abu ya kauce, tare da bututun ruwan sanyaya. Wurin da mai araha ke rage kuɗi ke nan. Ƙananan ababen hawa ne suka fi kashe mutane a ƙasashen da suka riga mu. A birnin New York, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga batiran litiyam a 2023, mutum 18 suka rasu, yawancinsu sanadiyyar kekuna da baburan lantarki da ake caji a cikin gidaje. A Indiya, a watan Satumba na 2022, gobarar da ta tashi a wani shagon baburan lantarki a Secunderabad ta halaka mutum 8 a otal ɗin da ke samansa, a shekarar da ƙonewar babura ta tilasta wa gwamnati tsananta ƙa'idojin gwajin batir. A watan Fabrairu na 2024 mutum 15 suka rasu a birnin Nanjing na ƙasar Sin, bayan wuta ta tashi a wurin ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani dogon bene. Duk wanda ya san yadda rumfunan kasuwanninmu suke manne da juna, da yadda ake jan waya daga shago zuwa shago, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka keɓanta da mu. Na farko zafi. Batirin litiyam ya fi son yanayin da ɗan Adam ke jin daɗinsa, zafi mai yawa kuma yana tsofar da shi da wuri. Masu motar Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya, sun koka a jihar Arizona ta Amurka a 2012 cewa ƙarfinsa yana raguwa tun ba a je ko'ina ba. Zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, inda ma'auni kan wuce digiri 40, ɗan'uwan na Arizona ne. Na biyu, al'adarmu ta sayen motocin da suka yi haɗari a Amurka a gyara su a nan. Motar fetur in ta bugu, mai gyaran jiki ya daddaƙe ta, mai fenti ya rufe, shi ke nan. Batirin da ya bugu ko ya sha ruwa yana iya yin shiru na makonni kafin ya tashi. Bayan guguwar Ian ta 2022, motocin lantarki da dama da ruwan teku ya shanye a jihar Florida sun kama da wuta daga baya, domin gishiri yana haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Irin waɗannan motoci ne ake gwanjonsu da arha. Ga kuma makanikai: wayoyin nan masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, wasu ma 800, ba wurin gwaji da sukuddireba ba ne.

Abin da zai ɗan kwantar da hankali shi ne nau'in batir ɗin kansa yana sauyawa. Nau'i biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai NMC, mai sinadaran nikel da manganis da kobal, wanda ke ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin nauyi, amma ya fi tsada, ya kuma fi saurin kuɓucewa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Sai LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda ya fi nauyi, tafiyarsa ta fi gajarta, amma ya fi arha, ya fi jure yawan caji, ya kuma fi jure zafi kafin ya rikice. Kamfanonin Sin irin su BYD da CATL su ne suka mayar da shi ruwan dare. Ga mai motar haya da ke zirga-zirga cikin gari, yana caji kullum cikin rana mai ƙuna, ban ga dalilin da zai sa ya zaɓi wani ba LFP ba. Ana kuma aiki a kan batir mai sodiyam, da wanda ba shi da ruwan sinadari ko kaɗan, amma ɗan kasuwa ba ya sa jarinsa a kan hajar da ba ta iso kantin da zai saya ba.

Dokoki su ma suna tsananta. Ƙa'idar da ƙasar Sin ta kafa a 2020 ta bukaci batir ya ba fasinja gargaɗin minti 5 kafin wuta ta iso gare shi. Sabuwar ƙa'idar da ta fitar a 2025, wadda aka sa wa ranar 1 ga Yuli 2026 ta fara aiki, ta ce ko da ƙwaya ta kuɓuce, kada akwatin ya kama da wuta ko ya fashe. Wannan labari ne mai daɗi ga mai saye a can. Ga mu kuwa yana da wani gefe da masana tattalin arziki suka daɗe da sani: idan aka tsananta doka a babbar kasuwa, kayan da suka kasa cika sharaɗi ba a zubar da su, ana nema musu kasuwar da ba ta tambaya. Aiki ne a gaban Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, da Hukumar Kwastan, amma kafin su, aiki ne a gaban mai buɗe takardar odar kaya. Ya nemi a rubuta masa sunan masana'antar ƙwayoyin da nau'insu, da shaidar gwajin UN 38.3 wadda dokar jigilar kaya ta duniya ta wajabta wa batiran litiyam, da sharuɗɗan garanti. Manyan kamfanoni kan ba da shekara 8 ko kilomita 160,000, da alkawarin cewa ƙarfin batirin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 ba. Wanda ya ba ka wata shida ya gaya maka ra'ayinsa game da kayansa.

Wata hanya da ta fara kafuwa a Afirka ita ce ta musayar batir, wadda kamfanoni irin su Ampersand a Ruwanda da Spiro a Benin da Togo suke bi. Ɗan acaɓa yakan mallaki babur, batirin kuwa na kamfani ne. Idan caji ya ƙare ya je tasha ya ajiye, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar. Ta fuskar lissafi wannan yana rage kuɗin sayen babur, yana kuma ɗauke caji daga ɗakin kwana da shago ya mayar da shi wuri guda da ke da ma'aikata da ma'aunin zafi. Nauyin tsufan batirin da na gobararsa ya koma wuyan wanda ya fi iya auna shi. Sai dai tashar da ta tara batir ɗari a ɗaki ɗaya ita ma sai an duba inda aka gina ta, da tazararta da maƙwabta, da kuma ko akwai ruwan da zai ishi 'yan kwana-kwana a unguwar.