Darasin Lafiya: Yadda Ƙwayar Ƙanjamau Ke Shiga Ƙwaƙwalwa

Darasinmu na wannan wata a kan ƙwayar cutar HIV ne, wato wadda ke kawo ƙanjamau. Yawancinmu mun san ƙanjamau da rama, da zawo, da tari mai naci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙwayar nan tana shiga ƙwaƙwalwa. Tana zama a can, kuma tana ɓarna. Sai a ga mutum ya soma mantuwa, ko halinsa ya sake. Sai a ce aljanu ne, ko sammu, a yi ta ɓata kuɗi da lokaci, alhali maganin yana asibiti.

A Amurka aka fara lura da ciwon a 1981. Masana a Faransa suka gano ƙwayar a 1983. A Nijeriya an fara ba da sanarwarta a 1986. Binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a ƙasar nan. Ana ɗaukarta ta hanyar jima'i, da jini, da allura ko aska da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba, sai kuma daga uwa zuwa jariri. Ba a ɗaukarta ta gaisuwa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro.

Yaya take shiga?

Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge. Hanyoyin jinin da ke ratsa ta a matse suke ƙwarai. Abinci da iska suna wucewa, amma yawancin ƙwayoyin cuta da guba ba sa iya tsallakewa. To, ta ina HIV ke bi?

Kowane manomi ya san ƙwaron wake. Za ka share rumbu, ka yaɓe shi, ka rufe ƙofa sosai. Bayan wata biyu ka buɗe, ka tarar da ƙwaro. Ba ta ƙofa ya shiga ba. Tun a gona ya yi ƙwai a jikin waken, kai da kanka ka ɗauko shi ka zuba. Haka HIV ke yi. A cikin jini akwai sojojin jiki masu yaƙi da cuta, kuma shingen yana barin waɗansunsu su shiga ƙwaƙwalwa sintiri. Ƙwayar sai ta shige cikin sojan, shi kuma ya wuce da ita. Wannan yana faruwa da wuri, cikin mako ɗaya ko biyu bayan kamuwa. A lokacin mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai san komai ba.

Me ya sa ba ta fita?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ma'aikata ƙanana da ido ba ya gani. Iri biyu za mu riƙe. Akwai masu kai saƙo. Da su muke tunani, da magana, da motsa hannu da ƙafa. Akwai kuma masu gadi da shara, waɗanda ke kwashe datti suna kashe cuta.

HIV ba ta kama masu kai saƙo. Masu gadin take shiga. In ta shiga, sai ta liƙa kanta a cikin asalin halittar mai gadin, ta zama kamar wani sashe nasa. Masu gadin nan suna daɗewa, har shekaru. Maganin da ake bayarwa a asibiti yana hana ƙwayar hayayyafa, amma ba ya iya ciro wadda ta riga ta kwanta a ɓoye. Ga shi kuma shingen nan yana rage wa waɗansu magunguna shiga. Ba a ƙwaƙwalwa kaɗai take ɓuya ba, har a hanji da kaluluwa.

A nan ne mutanenmu da yawa ke yin kuskure. Mutum ya sha magani wata shida, ya yi ƙiba, aka gwada jini ba a ga ƙwayar ba. Sai ya ce ya warke, ya daina. Wani kuma mai magani ne a kasuwa ya ce masa ya wanke masa jini. Ba gaskiya ba ne, kowa ya faɗa. In aka daina magani, cikin 'yan makonni ƙwayar ke fitowa daga maɓoyarta ta koma jini. Wani lokaci ma ta dawo ba ta jin maganin farko.

Ɓarnar da take yi

Mai gadin da ya kamu yakan rikice. Yana ta fitar da abubuwan yaƙi ba dare ba rana, ita ma ƙwayar tana fitar da nata dafin. Waɗannan su ke ƙona masu kai saƙo a hankali, har hanyoyin da ke tsakaninsu su yanke. Kamar mai gadin gona ne ya kunna wuta don ya kori ɓera, wutar ta ci dawa.

Alamun ba sa zuwa rana ɗaya. Da farko mutum yakan yi nawa wajen tunani. Ɗan kasuwa da ya saba lissafi da ka sai ya riƙa rikicewa wajen canji. Matar da ta ƙware a saƙar faifai sai hannunta ya daina yi mata daidai. Wani ya manta raka'a nawa ya yi. Wani ya daina zuwa dandali, ya daina kula da iyali, ya zauna shiru. In abin ya yi nisa, tafiya ta zama tangaɗi, fitsari ya riƙa kubcewa, mutum ya kasa gane na gida. Ga yaro kuwa, yakan makara wajen zama, da tafiya, da magana. Wani ma ya fara tafiya sai ya daina.

Kafin a sami haɗin magunguna masu ƙarfi a 1996, kimanin mutum 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ƙanjamau sukan kai ga wannan gushewar hankali. Yanzu a cikin masu shan magani ba su kai 5 cikin 100 ba. Ƙaramar mantuwa da nawar tunani dai har yanzu ana ganinsu, musamman ga wanda ya makara bai fara magani ba. Wanda ya fara magani yakan sami sauƙi sosai, amma abin da ya riga ya ƙone ba duka ke dawowa ba.

Akwai wani haɗari na gaggawa. In sojojin jiki suka ragu ƙwarai, waɗansu cututtuka sukan sami hanya zuwa kai. Tarin fuka yana iya hawa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani irin sanƙarau mai zuwa a hankali, ba kamar na bazara da ya yi mana ɓarna a Kano a 1996 ba. Ciwon kai na mako biyu da ba ya jin magani, ko sandarewar wuya, ko farfaɗiya ga babban da bai taɓa yi ba, ko shanyewar ɓarin jiki, duk na asibiti ne a ranar. Kada a jira ranar kasuwa.

Amma a yi hattara. Ba duk mai mantuwa ke da HIV ba. Tsufa na kawo mantuwa, haka hawan jini, da damuwa, da shaye-shaye. Kada wani ya karanta wannan shafi ya je yana nuna maƙwabcinsa da baki. Gwaji ne kaɗai ke nunawa.

Abin yi

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kuma ana samun sakamako a ranar. Ana yi a manyan asibitocin gwamnati, irin na Bichi da Dambatta, da Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano a birni. Tun 2006 gwamnati ta mayar da maganin kyauta, kuma yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Mace mai ciki ta yi gwaji wajen awo, domin in tana shan magani, da wuya jaririnta ya kamu.

Ga wata matsala. Ciwon yana kawo mantuwa, mai mantuwa kuma yakan manta maganinsa. Don haka a sami mutum ɗaya amintacce a gida, miji ko mata ko ɗan'uwa, ya riƙa tuna masa. A ɗaura shan maganin da wani abu da ba a fashi, misali bayan sallar isha'i. Da azumi a tambayi ma'aikacin lafiya yadda za a mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur. Da damina, kafin aikin gona ya yi yawa ko hanya ta yanke, a je a karɓo magani tun bai ƙare ba. Mai tafiya cirani ya gaya wa asibiti kafin ya tashi. In maganin ya kawo jiri, ko rashin barci, ko munanan mafarkai, a koma a faɗa, kada a daina da kai.

Malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare da ɗalibai, sa'an nan kowa ya rubuta amsa a littafinsa: Ta yaya HIV ke tsallake shingen ƙwaƙwalwa? Me ke faruwa in mutum ya daina shan magani? Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti a ranar?