Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya

Ɗana, tun da Allah ya sa ka yi iyali, ga shagonka ya fara zama da gindinsa, akwai maganar da nake so in gaya maka tun kana da ƙarfinka. Ka saurare ni da kunnen basira.

A shekarun da na yi a duniya na ga gidaje da yawa sun durƙushe, kuma yawancinsu ciwo ne ya kayar da su. Ina da maƙwabci tela, mutum mai neman na kansa, wanda haihuwa ta zo wa matarsa da gardama cikin dare. Aka ce sai an yi mata aiki, kuma sai an ajiye kuɗi tukuna. Kafin hantsi ya sayar da keken ɗinkinsa a wulaƙance, domin mai saye ya san a matse yake. Allah ya raya uwa da jariri, amma abin da zai ciyar da su ya tafi. Sai da ya shekara uku yana ɗinki a keken wani kafin ya sake mallakar nasa. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai na tuna daren nan.

Labarinsa labarin ƙasar nan ne. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa take fitowa. Shi ya sa mutum zai yi ta daurewa da zazzaɓi, ya je kemis ya ce a ba shi na ɗari biyar, ya sha rabin magani ya bari, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kwashe shi ranga-ranga. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, abin ya ƙara tsanani, domin yawancin magungunanmu daga waje ake shigo da su. Masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda ba sa rabuwa da magani, su suka fi ji a jikinsu.

Kakanninmu sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ciwo ya kwantar da manomi da damina, samarin gari kan yi gayya su nome masa gona. Mata suna adashi, kuma in wata ta shiga matsi a bar mata kwasa ko da layi bai zo kanta ba. Abin da ake kira inshora, ko taimakekeniya, jikan waɗannan ne. Mutane da yawa kowa ya zuba kaɗan a asusu ɗaya alhali yana lafiya. Ba za su kwanta gaba ɗaya ba, sai abin da aka tara ya ishi 'yan kaɗan da jarrabawa ta faɗa wa a shekarar. In shekara ta ƙare ba ka je asibiti ba, kada ka ce ka yi asara. Ka gode wa Allah da ya ba ka lafiya, kuɗinka kuma ya yi jinyar ɗan wani.

Na san abin da ke ranka, domin ni ma na daɗe da shi: ko wannan bai saɓa wa tawakkali ba? Ka tuna Annabi Yusufu, alaihis salam, wanda ya sa aka adana hatsin shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Ka tuna kuma an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Gaskiya ne malamai da yawa sun ƙi inshorar kasuwanci saboda riba da rashin tabbas da kamannin caca. Don haka aka samar da takaful, inda abin da ka zuba kyauta ce ga 'yan'uwanka, ana juya asusun ta hanyar halal, in an yi rara kuma a raba wa masu zubi. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979, a nan gida kuma hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Ka je wurin malamin da ka amince da shi ya ƙara maka haske.

Hanya a buɗe take. An ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, amma ya daɗe yana amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya kusan su kaɗai. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta shi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Jihohi, har da Kano, sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, kuma ɗan kasuwa irinka yana iya shiga. Ka je da ƙafarka, ka yi rajistar kanka da matarka. Ka tambayi abin da shirin ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, musamman awo da haihuwa da tiyata. Ka zaɓi asibitin da ke kusa da gida. Ka sabunta kafin wa'adi ya cika, domin ciwo ba ya sallama.

Ba zan ɓoye maka ba, za ka gamu da layi, wata rana a ce maganin ya ƙare. Kada hakan ya sa ka jefar da katin inshorarka. Ka kai ƙara hukumar cikin ladabi, domin haƙƙinka ne da ka biya.

Shagonka ma ka duba shi. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, mutane suka kwana da dukiya suka tashi da toka. Ku 'yan layinku ku zauna ku nemi takaful na gobara tare.

In masu neman ƙuri'a sun zo, ka tuna musu cewa a 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta kai ga haka ba. Ka tambaye su ina kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa kiwon lafiya a matakin farko, kuma me ya iso asibitin unguwarku.

Ɗana, abin da za ka zuba a wata ba zai hana ka cefane ba. Burina shi ne, in dare irin na maƙwabcina ya zo, ka shiga asibiti da kati a hannu, gari ya waye jarinka yana nan a shago. Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya yi maka albarka.